Motar Kara da Bulala

Wace basira ce ta cancanci yabo, wacce kuma ta cancanci bulala? Tambayar nan ta hana ni sakat tun ran da muka kai ɗalibanmu yawon buɗe ido birnin Kano.

Mun tashi daga Maƙarfi da sassafe, muka bi ta Tashar Yari da Kwanar Dangora, muka fara yada zango a Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Nan ne gidan Hans Fisha, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano cikin 1909. Makarantar tasa har da sashen sana'a take, inda ake koyar da dukanci da ƙira. Ashe boko da aikin hannu tare suka shigo aji, daga baya ne aka raba su.

A cikin ɗaliban akwai wani yaro, ɗan manomin rake, wanda kullum shi ne kurar baya a jarrabawa. Mako biyu kafin tafiyar na kama shi yana harhaɗa motar kara a ƙarƙashin benci ina tsakiyar darasi. Na tsala masa bulala uku, na tattake motar a gaban 'yan ajinsu. A ranar ko kaɗan ban ga laifina ba.

Da muka isa marinar Ƙofar Mata, sauran yara sai hamma suke, hankalinsu na kan abinci. Shi kuwa ya tsuguna kusa da wani tsohon marini, yana tambayarsa me ya sa ƙyalle ke fitowa kore-kore daga ruwan baba, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi. Na san amsar a littafin kimiyya, amma idona bai taɓa kama abin ba. Nasa ya kama.

Kada mai karatu ya ce malami ba shi da hanzari. Aji cike yake maƙil, jarrabawa ba ta tambayar motar kara, uban yaron kuma takardar shaida yake jira, don ita yake sayar da rakensa. Duk na yarda. Amma horon yaro don ya yi abu ba a lokacinsa ba daban, ragargaza abin da ya ƙera daban. Na farko tarbiyya ce. Na biyu gaya masa ne cewa baiwar da Allah ya yi masa shirme ce, kuma wa ya ba ni ikon yanke wannan hukunci? 'Yan'uwa marubuta, mu nawa aka yaga wa labarin da muka fara rubutawa a bayan littafin lissafi?

A hanyar dawowa, har muka wuce Kwanar Dangora ina neman yadda zan ba shi haƙuri, girman malanta ya ɗaure mini baki. Da muka sauka, iyakar abin da na iya ce masa shi ne gobe ya zo mini da kara da reza.