Magina, Ku Riƙe Guduma da Kyau

A birnin Memphis na Amurka akwai wani katafaren bene mai hawa goma da kamfanin Sears ya gina a 1927, inda ake tara kaya ana aika wa masu saye. A 1993 aka garƙame shi, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana kango. A 2015 ma'aikata suka shiga da kayan aikinsu, a 2017 aka buɗe shi da sunan Crosstown Concourse. Yau a cikinsa cibiyar Church Health take, wadda Dakta Scott Morris ya kafa a 1987 don duba masu neman na kansu da ba su da inshorar lafiya. Wato masu cin guminsu ne suka tayar da ginin, kuma irinsu ake dubawa a ciki.

To 'yan'uwa birkiloli, kafintoci, masu walda, masu aikin famfo da na wuta, da ku leburori masu dakon kankare, wannan aiki na tayar da tsohon gini naku ne, kuma ya fi gina sabo wuya nesa ba kusa ba. Fili ba ya gardama, amma tsohon bango sai an lallaba shi. Sai ka ƙwanƙwasa ka kasa kunne, ka ji inda ya yi holoƙo, ka tone ka ga ko rodi ya yi tsatsa. A Memphis sai da aka yanke kankaren benaye tun daga sama don haske ya sauko tsakiyar ginin, ba tare da an raunana ginshiƙansa ba. Wannan ai gwaninta ce!

Ga shi asibiti ba ya karɓar aikin ha'inci. Ƙofa sai gadon majiyyaci ya wuce ta a sake. Daɓe ba a son tsaga ko ɗaya, don nan datti ke maƙalewa. Wayar da ka ja yau, gobe ita za ta riƙe na'urar da jariri ke numfashi da ita.

Saboda haka in an kira ku irin wannan aiki, a Kano ne ko a Damagaram, ku shiga da ƙarfin gwiwa. Ku sa hular kwano, ku auna sau biyu kafin ku sara, kada ku yarda ɗan kwangila ya sa ku rage siminti. Ku kuma jawo yaran da ke koyo kusa da ku, su ga yadda ake ɗinke tsohon bango.