Ciwon Sukari da Amanar Jiki

Akwai wani ciwo wanda iyayenmu su kan ce na attajiran birni ne, amma ga shi yau ya shigo gidajen manoma a ƙasar Batsari da Safana. Shi ne ciwon sukari. A shekara ta 2021 ƙungiyar duniya mai lura da wannan ciwo ta ƙidaya manya miliyan 537 masu ɗauke da shi, watau wajen mutum ɗaya cikin goma. A Afirka kuwa fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. In haka ne fa, babu ikilisiyar da za ta ce ba ruwanta. Mutum ya kan komo daga asibiti da takarda a hannu, zuciyarsa ta karaya, yana tambaya, "Me zan ci kuma? Ko Allah ya yashe ni ne?" Da wannan ɗan'uwa mu ke magana, duk da mutanen gidansa.

Bari mu fara sanin ciwon. Tuwon da muka ci ya kan narke a ciki, ya zama sukari cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai fid da wani ruwa da a ke kira insulin, shi ne ke shigad da sukarin cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. Sa'ad da insulin ya kasa, ko jiki ya daina jinsa, sai sukari ya taru cikin jini. Kamar maigida ne wanda rumbunsa ya cika, amma ba shi da hanyar ɗiban hatsin. Shi ya sa mutum ya ke ci yana ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare, ga gajiya, miki kuma ya ƙi warkewa. In aka gwada jini da safe kafin a ci kome, aka sami 126 ko fiye har sau biyu, likita zai ce ciwon ne. Idan aka bar shi, a hankali ya kan ɓata ido, da ƙoda, da zuciya, da jijiyoyin ƙafa.

Na fari, kada mu ce hukunci ne ko sammu. Cikin Yohanna sura 9 almajirai suka ga mutum wanda aka haifa makaho, suka so su san zunubin wa ya jawo masa. Ubangiji Yesu ya kau da wannan zato duka. Bulus Manzo kansa ya roƙi Allah sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri da zai ishe shi. Saboda haka mai-bi ba ya sayad da akuyarsa ya kai wa boka, ba ya kuwa zargin maƙwabci ko kishiyar uwarsa. Ciwon ya kan bi jini cikin dangi, ƙiba da yawan zama kuma suna taimakonsa.

Na biyu, sai mu ƙudurta. Ku karanta Daniyel 1:8-16. Saurayi ne a bauta a Babila, aka ajiye masa abincin sarki, amma ya yanke shawara a zuciyarsa tun kafin a kawo akushi. Ya roƙa da ladabi a gwada shi da abokansa kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Dalilin Daniyel tsarki ne, ba ciwo ba, amma darasin ya shafe mu: wanda bai shirya zuciyarsa a gida ba, a wurin biki zai fāɗi. Bulus kuma ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai-bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tsada. Abin da aka ba mu amana ba mu da iko mu ɓata shi saboda kwaɗayi.

To, me za a ci? Ba a ce mutum ya bar tuwo ya zauna da yunwa ba. Tuwon dawa ko na gero wanda ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi farar shinkafa da burodi. Amma a rage malmala, a ƙara miya. Allah ya wadata ƙasarmu da kuka, da kuɓewa, da zogale, da rama, da yakuwa, da tafasa. Rabin kwano ya zama ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran tuwo. Rogo da dankali da mu ke nomawa abinci ne mai kyau, amma su ma sukari su ke zama, sai a ci kaɗan. Koko da kunu suna saurin shiga jini, a sha kaɗan, ba sukari, a haɗa da ƙosai ko gyaɗa. Fura a dama da nono kawai. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8, wannan a bar shi sarai. Kada a ruɗe mu da cewa zuma da rake da dabino ba kome. Daɗinsu daga sukari ne. A ci abinci kan lokaci, kada a wuni da yunwa a cika ciki da dare.

Na uku, mu riƙe magani, mu motsa jiki. Kafin shekara ta 1921 yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. A shekarar nan ne Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a 1922 aka fara yi wa marar lafiya allurarsa. Wa ya ba su wannan sani in ba Mahaliccin jiki ba? Luka, wanda ya rubuta mana bishara, likita ne. Muna addu'a domin warkarwa, muna kuwa gaskata Allah mai iko ne, amma wanda ya zub da ƙwayoyinsa domin an ɗora masa hannu, ba tare da an sāke gwada jininsa ba, yana gwada Ubangiji ne. Haka nan mai shan ƙwaya ko mai allura kada ya shiga azumin ikilisiya sai ya shawarci likita. In ya ji rawar jiki, da zufa, da jiri, sukarin ya fāɗi ƙasa ke nan, a ba shi ruwa da sukari nan da nan. Inda babu firji, a sa insulin cikin gwangwani mai murfi a ajiye a gindin randa, nesa da rana.

Da damina noma ya isa motsa jiki, amma da rani mu kan zauna a inuwa. A yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Kowane dare a wanke ƙafa a duba ta, gama ciwon ya kan kashe jin zafi, ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Kada a shiga gona ba takalmi. Ƙaramin miki a kai shi asibiti tun bai ruɓe ba. Mutane da yawa sun rasa ƙafa saboda jinkiri.

Na huɗu, wannan kaya na ikilisiya duka ne. Mun san wahalar da ƙasarmu ta sha a hannun 'yan bindiga daga dajin Rugu, yadda a 2019 da 2020 mutanen ƙauyuka suka bar gonakinsu suka taru a garin Batsari. Wanda ya rasa gona da shanu, abin da ya samu shi ya ke ci, kuɗin mota zuwa Katsina ko Dutsinma kuma ba ƙarami ba ne a gare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa su keɓe wani abu daga baiko domin maganin irin waɗannan. Zumuntar mata su koya wa juna dafa abin da dukan gida za su ci tare, kada a ware mutum da ɗan kwanonsa kamar baƙo. Ran Kirsimati da bikin godiya a ajiye ruwa da zoɓo marar sukari. In ɗan'uwa ya ce ya ƙoshi, kada mu matsa masa da sunan zumunci. Duk wanda ya kai shekara 40, ko akwai ciwon a danginsa, ya je a gwada shi.

Ɗan'uwa, takardar likita ba ita ce ƙarshenka ba. Masu wannan ciwo da yawa sun tsufa, sun ga jikokinsu, suna yi wa Ubangiji hidima. Kwanakinmu a hannunsa su ke, amma abin da mu ke sa wa baki ya bar shi a hannunmu. Allah ya ba mu kamewa irin ta Daniyel, da haƙuri irin na Bulus, ya sa mu riƙe amanar jikin nan har ranar da zai sāke shi ya zama marar ruɓa, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.