Goron Magatakardan Asibiti

A Asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda mutanen gari suke kira Ji, kafin majiyyaci ya ga likita sai ya bi ta wurin magatakarda mai fid da kati. Tun da asuba matan Zango da Aboabo sukan yi layi, da goyo a baya. Aikin magatakarda da yawa, albashinsa kuwa kaɗan. To, da wani zai miƙa masa goro domin a fara fid da katinsa, daidai ne ya karɓa?

Waɗansu za su ce ba laifi, gama an ƙware shi a albashi. Hakika ma'aikaci ya cancanci lada isasshe, hakkinsa ne kuma ya nema a fili. Amma nauyin goron nan ba a kan gwamnati yake faɗuwa ba, sai a kan matar da ba ta da ko sidi ɗaya, wadda za a bari a baya da ɗanta mai zazzaɓi. A 2003 Gana ta kafa dokar inshorar lafiya domin kada rashin kuɗi ya hana matalauci magani. Mai karɓar goro yana rushe dokar ta bayan fage. Wanda aka ƙware ba shi da izinin ƙwarar wanda ya fi shi rauni.