Gidanka Ne Makarantar Fari

Karatun yau: Maimaitawar Shari'a 6:4-9
Ayar haddacewa: 2 Timoti 1:5

A mako guda akwai awa 168. Idan ɗanka ya je Makarantar Lahadi, ya kuma zauna har aka tashi sujada, da ƙyar ya yi awa huɗu a majami'a. Sauran lokacin fa, a hannun wa yake? Da yawa daga cikinmu mun miƙa karatun boko ga malamin makaranta, mun miƙa maganar Allah ga malamin Makarantar Lahadi, mu kuma muka tsaya a kan biyan kuɗi da sayen takalmi. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, aka kuma hana taron sujada a wurare da yawa, iyaye suka tarar da kansu a ɗaki ɗaya da 'ya'yansu, waɗansu ba su san ta inda za su fara ba.

A karatunmu na yau, Musa yana magana da Isra'ilawa gab da shigarsu ƙasar alkawari. Akwai firistoci da Lawiyawa a cikinsu, duk da haka iyaye ya ɗora wa nauyin koyar da yara. Ya fara da zuciyar uba da uwa: maganar ta zauna a cikinka tukuna, sa'an nan ka ba ɗanka. Ya kuma ambaci lokatai huɗu na koyarwa, wato lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ka lura, duk lokatai ne da kake da su kowace rana. Ko ba ka da allo da alli, kana da tabarma, kana da hanyar gona ko kasuwa, kana da dare da safiya.

Me ya faru da suka yi sakaci? Littafin Mahukunta 2:10 ya nuna mana cewa bayan rasuwar Joshuwa da tsararsa, yaran da suka taso ba su san Ubangiji ba, ba su kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Iyayensu sun haye Urdun a kan busasshiyar ƙasa, sun ga garun Yariko ya faɗi, amma labarin ya tsaya a bakinsu. Tsara ɗaya kawai, aka koma bautar Ba'al. Haka Eli, firist a Shilo, yana hidima a Haikalin Ubangiji, 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ɓarna, ya sani, bai hana su ba. Rana ɗaya suka mutu su biyu. Ɗan'uwa, kana iya kwana a majami'a kana addu'a cikin harsuna, kana ɗora wa 'ya'yan waɗansu hannu, alhali naka ɗan bai taɓa ganin ka buɗe masa Littafi Mai Tsarki ba. Shafewar da ke kanka, gidanka ne ya kamata ya fara shaida ta.

Ke kuma 'yar'uwa da kike cewa maigida ba ya ba ki goyon baya, dubi Afiniki ta Listira. Ita Bayahudiya ce mai bi, mijinta Bahelene ne. Ba ta jira sai komai ya daidaita ba. Ita da Loyis, kakar yaron, suka koya wa Timoti Littattafai Masu Tsarki tun yana ɗan ƙarami. Da manzo Bulus ya zo garin, ya tarar da saurayi wanda 'yan'uwa suke yabonsa, ya tafi da shi aikin bishara. Wasiƙu biyu na Sabon Alkawari suna ɗauke da sunan wannan yaro, aikin kuwa a ɗakin mata biyu ya soma.

To, yaya za ka yi? Ka tsai da lokaci guda kowace rana, ko minti goma sha biyar ne bayan tuwon dare. Ka ajiye waya, a kashe rediyo da talabijin. Ku karanta labari ɗaya, ka sa yaro ya maimaita da bakinsa, ka tambaye shi abin da ya gane. Aya ɗaya a mako ta isa haddacewa. A shekara kun sami aya 52. Da yayyafi kogi kan cika. Ka bar ƙaramin cikinsu ma ya yi addu'a, ko da kalma biyar ce, ku ce amin da ƙarfi.

Karatun makaranta ma yana cikin wannan aiki. Ka buɗe jakarsa ka ga abin da aka koya masa yau. Ya ƙidaya maka ƙwayar wake, ya lissafa canjin da aka kawo daga kasuwa. Idan ba ka yi makaranta ba, kada kunya ta hana ka. Ka ce masa, "Zo ka karanta mini." Yaron da ya san babansa yana jiran ya ji karatunsa da yamma, yakan kasa kunne a aji.

Ka yi hankali da fushi. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni a kan tsokanar 'ya'yansu har su husata. Horo yana da wurinsa, amma yaron da ake zagi da daƙiƙi a kan kowane kuskure yakan koyi ɓoye littafinsa. Idan ka ji ranka ya ɓaci, ka dakata, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki haƙuri, ku ci gaba gobe.

A ƙarshe, ka tuna idonsu yana kanka. Idan ka koya masa kada ya yi ƙarya, sa'an nan mai bin bashi ya yi sallama ka ce, "Je ka ce ba na nan," ka rushe darasin wata guda. Idan kuma ka yi masa laifi ka ce, "Ɗana, ka gafarta mini," ka koya masa tuba fiye da wa'azi goma. Ko 'ya'yanka sun riga sun girma, ba ka makara ba. Ka kira su, ka yi addu'a tare da su, ka fara da jikoki kamar Loyis.

Abin yi yau: Kafin ku kwanta, ka tara iyalinka, ka ba su labarin abu ɗaya da Ubangiji ya taɓa yi maka.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na bar wa waɗansu aikin da ka ba ni. Ka cika ni da Ruhunka, ka ba ni hikima da haƙuri. Ina furtawa, 'ya'yana za su san ka, bangaskiya ba za ta tsaya a kaina ba. Cikin sunan Yesu, amin.