Bashin da Ke Kan Mai Ɗauko Tatsuniya

A 1962 Joseph Brahim Seid ya fitar da littafinsa Au Tchad sous les étoiles, tarin labaran gargajiya na Chadi da ya zuba cikin Faransanci. Yau ana lissafa shi cikin tubalan adabin ƙasarmu. Tambayar da nake yi a nan Walia ita ce: tsofaffin da suka adana irin waɗannan labarai a ka, wa ya san sunansu?

A ƙasar Hausa ma haka ne. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a Amurka kan waƙoƙin Mamman Shata. Ma'aikatan rediyo da yawa sun yi suna da muryoyin mawaƙa. Wasu na cewa wannan cin gumin wani ne. Ni ban yarda ba, domin ba don masani da mai makirfo ba, da waƙoƙi da yawa sun bi masu su kabari.

Sai dai aikin yana ɗauke da bashi, kuma biyansa iri biyu ne. Na farko, a ambaci mai abu, a girmama shi tun yana raye, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Na biyu, a mayar wa mutane kayansu cikin harshensu. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, rediyo ce kaɗai hanyar da labarinta zai dawo mata gida.