Ɗan Gaya, Ɗaki Ma Ciniki Ne!

Ina 'yan dako na bakin kogi? Ina 'yan kabu-kabu, da masu rake, da mata masu tuyar kifi? Ku ne kuka riƙe garin nan tun da aka toshe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Manyan motocin Kwatano suka daina ƙetarowa, amma kaya bai daina ƙetarewa ba: kwale-kwale ya ɗauka, kafaɗunku suka sauke. To wanda ya yi wannan, neman ɗakin haya ne zai gagare shi?

Wuya kam akwai ta. Gaya mahaɗa ce, ga Benin a ƙetaren ruwa, ga Kamba nan kusa, ga hanyar Dosso mai kai mutum Yamai. Kullum baƙo na sauka, mai gida kuwa ya san da haka, shi ya sa yake yanka kuɗi ba ya ko ƙifta ido. Amma ɗan'uwa, kai ma ɗan kasuwa ne fa! Kai da kake juya naira zuwa sefa a ka, kake ciniki da Hausa, ka juya Dendanci, ka ƙarasa da Zabarmanci, don me za ka yi shiru gaban dillali? Taya! In ya ce albarka, ƙara kaɗan. In ya cije, yi masa sallama, akwai wata ƙofa gaba.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Taka da ƙafarka, ka ɗan nisanci kasuwa da tasha, inda kuɗin ɗaki ke da zafi. Tambayi mai unguwa, tambayi liman, tambayi mai shayin bakin layi, don sau da yawa su ke fara jin wanda zai tashi, kuma ba su neman la'ada.

Sai dai ka buɗe ido sosai. Yankin nan na cikin inda aka fi samun ruwan sama a duk Nijar, kuma ɗakin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki a Agusta. Dubi gindin bango, ko akwai shaidar ruwa. Ɗaga kai ka dubi kwano. Tambayi maƙwabta ina ruwa ke bi in an yi marka. Su ba su da dalilin ɓoye maka. Kuɗin wuta da na famfo, mutum nawa ke raba shi? Wata nawa za a biya gaba? A rubuta a takarda gaban shaidu, ko da mai gidan kawunka ne, musamman ma in kawunka ne.

Hajiya, ke ma da ke ake. Adashin da ya saya miki kwanuka zai iya biyan wata uku a dunƙule, mai biya a dunƙule kuwa shi ke da bakin neman ragi.

Zaman haya ba abin kunya ba ne ga mai cin guminsa. Ware jaka ɗaya duk ranar da ciniki ya yi kyau, ka fita neman ɗaki tun kafin hadari ya haɗo!