Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: malamar da ta koyar da iya abin da ta sani, alhali zamani ya wuce shi, ta sauke nauyi ko kuwa da sauran haƙƙi a kanta?

Ƙanwata ce ta jawo wannan tunani. Shekara biyu ta yi tana koyon ɗinki a wata makarantar koyon sana'a, Inna ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin. Ta fito da takarda, muka yi murna. Ranar da ta je neman aiki shagon wani tela, sai ya nuna mata keken lantarki irin na masana'anta, ya ce bismilla. Wallahi ko zare ta kasa sawa. Keken ƙafa kaɗai ta sani. Ta dawo gida tana kuka.

Raina ya ɓaci, na shirya na tafi wajen malamarsu. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ƙanwata, abin da aka koya mini shi na koyar, ban rage komai ba." Na san ba ƙarya ta yi ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Kin ga, sana'a ba kamar lissafi ba ce. Biyu da biyu huɗu ne jiya da yau, amma yayin ɗinki da kayan aikinsa kullum canzawa suke. Hukuma ma ta san da haka. Tun 1977 aka kafa hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna don sa ido kan ilimin fasaha, ga kuma kwalejojin horar da malaman sana'a a Bichi da Gusau. Lallai wajibi ne masu makaranta su sayi kayan aiki, su riƙa tura malamai ƙaro ilimi. Laifi ba na malama ba ne ita kaɗai.

To amma idan ba a tura ta ba fa, sai ta naɗe hannu? A ganina yarinyar da aka damƙa miki amana ce, kuma shekarunta biyu ba za su dawo ba. Abin da ke hana da yawanmu koyo ba rashin hanya ba ne, kunya ce da girman kai.

Bayan wata uku na ji labari. Ashe da aka yi hutu malamar nan ta riƙa zuwa shagon wata tsohuwar ɗalibarta, ta zauna a gabanta tana koyon keken lantarki. Tun daga ranar kimarta ta ƙaru a idona.

'Yar uwa, ke ma malama ce a ɗakinki. Allah Ya raba mu da girman kai, Ya sa mu sauke amanar da ke wuyanmu, amin.